Ƙofofi biyar, rantsuwa guda: yadda Amurka ke zaɓen hafsoshin sojan ruwa

Mutumin Maraɗi ko na Damagaram yana iya tambaya: ina ruwan ƙasar da ba ta da gaɓar teku da zancen makarantar sojan ruwa? Tambayar tana bisa hanya, kuma amsarta ba ta da nisa. Shekara da shekaru, buhun shinkafa da bandir ɗin atamfa da motar gwanjo da ake saye a kasuwannin Nijar, a tashoshin Kotonu da Lome suka riƙa sauka, kuma ba su iso gaci ba sai da wani ya tsare musu hanya a kan ruwa. Bayan wannan akwai abin da ya fi shinkafa nauyi, watau yadda ƙasa take zaɓen yaran da za ta danƙa wa makamanta, da irin tarbiyyar da take ba su kafin ta ɗaura musu galo. A wannan fanni, tsarin da Amurka ta shimfiɗa wa saurayi ko budurwa mai son zama hafsan sojan ruwa ya cancanci a dube shi da idon basira.

A can, yaron da ya gama makarantar sakandare yana da ƙofofi biyar a gabansa. Kowace da kuɗinta, da wahalarta, da bashin da take ɗora wa wanda ya bi ta cikinta.

Ƙofa ta farko, wadda ta fi suna, ita ce makarantar hafsoshin ruwa ta garin Anafolis a jihar Merilan, wadda aka kafa a 1845. Ɗalibanta sun haura dubu huɗu. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin karatu da abinci da kwana da magani har shekara huɗu, tana kuma ba ɗalibi ɗan albashi kowane wata. Sai dai shiga ba ta da sauƙi. Dole mai nema ya kai shekara 17, kada kuma ya wuce 23, ya zama ba shi da aure, ya ci jarrabawar lafiya da ta ƙarfin jiki, sannan ya samu wanda zai gabatar da sunansa. Galibi ɗan majalisar dokoki na mazaɓarsa ko sanatan jiharsa ne ke yin wannan, kuma doka ta ba kowane ɗan majalisa kujera biyar a makarantar a lokaci guda. Wanda aka ɗauka zai fara da horon bazara na fiye da mako shida, a aske masa kai, a karɓe wayarsa, ya koyi amsa umurni kafin ya ga allo. In ya gama, ƙasa tana bin sa aikin soja na shekara biyar a ƙalla; matuƙin jirgin sama kuwa shekara takwas, daga ranar da ya kammala koyon tuƙi.

Ƙofa ta biyu shiri ne da ake kira NROTC, wanda aka fara a 1926 a jami'o'i shida. Yaro yana karatunsa a jami'ar farar hula tare da sauran ɗalibai, yana sa kayan soja a ranakun atisaye, lokacin hutu kuma a kai shi cikin jirgi. Idan ya ci gasar tallafi, rundunar ruwa za ta biya masa kuɗin makaranta ta ƙara masa da na aljihu, akasari ga masu karatun injiniya da kimiyya. Shi ma bashinsa shekara biyar ne.

Ƙofa ta uku ita ce ta tsofaffin makarantun soja waɗanda ba na rundunar ba ne, irin su Norwich da aka kafa a 1819, da VMI ta jihar Birjiniya (1839), da Citadel ta birnin Calston (1842). A VMI da Citadel, ɗalibi a bariki yake kwana, da kakin soja yake yini, kuma horon shekarar farko yana da tsanani ƙwarai. A VMI har “ɓeraye” ake kiran sababbin shiga. Ƙofa ta huɗu makarantar jiragen kasuwanci ce ta Kings Point a jihar Niyok, wadda aka ƙaddamar a 1943, inda ɗalibi yake yin kusan shekara guda a cikin jiragen dakon kaya, ya fito da takardar shaidar tuƙi ko ta injiniyan jirgi, tare da muƙamin hafsan ko-ta-kwana. Ta biyar kuwa ita ce ta wanda ya riga ya sami digirinsa da kuɗinsa, sai ya je garin Niyufot a yi masa horon kimanin wata uku.

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne cewa duk wanda ya shiga aikin rundunar ta ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, da muƙami ɗaya yake farawa, na ƙaramin hafsa, kuma rantsuwa ɗaya yake yi, ta kare kundin tsarin mulkin ƙasa. A ranar farko cikin jirgi, tsohon kurtun da ya shekara ashirin a teku ba zai tambayi sabon hafsa sunan makarantarsa ba. Zai zuba masa ido ya gani ko ya iya tsayuwar gadi da ƙarfe uku na dare, ko kuma yana cin abinci kafin yaransa su ci.

Saboda haka, saurayin da ke tsaye gaban waɗannan ƙofofi zai yi wa kansa gata idan ya ajiye zancen farin kaki da faretin ranar yaye, ya fara da tambayar bashi. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Karatun kyauta na Anafolis rance ne da ake biya da shekarun ƙuruciya. Ɗalibi yana iya ajiyewa ya tafi a cikin shekara biyun farko ba tare da an bi shi komi ba, amma da zarar ya sa hannu a farkon shekara ta uku, in ya fasa, ko dai ya maida kuɗin da aka kashe masa, ko ya yi aikin ƙaramin soja. A shirin NROTC, wa'adin fasawa ya fi gajarta: shekara guda ce. Yaro ɗan shekara 17 da ke sa hannu a kan irin wannan takarda yana jinginar da rayuwarsa har ya kusa kai talatin, kuma uban da ya ingiza shi don gudun kuɗin jami'a ya sani cewa ba shi zai kwana a ƙarƙashin teku ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta tabbas. A nan ne iyalai da yawa suke yin kuskure game da ƙofa ta uku. Sanya kaki a VMI ko Citadel ba ya ba yaro galo. Iyaye ne ke biyan kuɗin makaranta, sai fa in yaron ya ci tallafin NROTC ko wani tallafi daban. Wanda bai ci ba, dole ya yi takara don rundunar ta amince da shi kafin shekara ta uku, kuma tana iya ƙi. Ɗalibai masu yawa a waɗannan makarantu suna gamawa su shiga aikin farar hula, wasu da son ransu, wasu don ƙofa ta rufe. Wannan ba aibi ba ne ga makarantun, domin daga VMI George Marshall ya fito a 1901, kuma shi ya shugabanci sojan ƙasa na Amurka a yaƙin duniya na biyu. Amma wanda burinsa jirgin ruwa ne, gara ya riƙe takardar tallafi a hannu kafin ya haɗa kayansa.

Tambaya ta uku ita ce ta hali. Akwai yaron da ba ya miƙewa sai da ƙaho da sa'a da mai tsawa a kansa; irin wannan bariki ya dace da shi. Akwai kuma wanda in an matse shi sai ya karye, in an sake masa mara sai ya yi fice. Jami'ar farar hula ta fi masa. Haka nan babu makarantar da ke iya yi wa ɗalibi alkawarin irin aikin da za a ba shi. Ko jirgin yaƙi, ko jirgin ƙarƙashin teku, ko tuƙin jirgin sama, ko rundunar kundumbala, sakamakonsa da lafiyarsa da bukatar rundunar ne ke yanke hukunci. Yaron da idonsa ba ya bambanta ja da kore, an rufe masa yawancin waɗannan ayyuka, ko daga ina ya fito.

Tarihi ya nuna cewa sunan makaranta ba ya wanke mutum, ba ya kuma tare masa hanya. A Anafolis ɗin nan da ta yaye Jimmy Carter a 1946, an sami satar jarrabawa a Disamban 1992, aka zargi ɗalibai fiye da ɗari, aka kori 24 a 1994. A wannan shekara ta 1994 ce Jeremy Boorda, wanda ya shiga soja a matsayin kurtu, ya zama babban hafsan rundunar ruwa, na farko da bai bi ta Anafolis ba. Vern Clark, wanda ya riƙe kujerar daga 2000 zuwa 2005, ta gajeren horon masu digiri ya shiga. Lisa Franchetti, mace ta farko da ta hau wannan kujera a 2023, ɗiyar shirin NROTC ce, alhali sai a 1976 aka fara ɗaukar mata a Anafolis.

Daga nan zancen ya tashi daga na yaro guda ya zama na ƙasa. Rundunar da dukkan hafsoshinta suka fito daga gida ɗaya, suka sha wuya tare, suka san asirin juna tun suna yara, tana iya zama dangi mai zaman kansa, wanda ke ganin farar hula a matsayin baƙi. Yawan ƙofofi yana karya wannan. Hafsan da ya yi shekara huɗu yana gardama da ɗaliban shari'a da na tarihi, wanda ya yi hayar ɗaki, ya san tsadar burodi, yana shiga bariki da sanin yadda talaka ke rayuwa. Sharaɗin neman sa hannun ɗan majalisa shi ma yana da hikima biyu: yana tabbatar da cewa kowace jiha da kowace mazaɓa tana da ɗanta a cikin rundunar, yana kuma koya wa yaro tun ranar farko cewa ta hannun wanda jama'a suka zaɓa ya shigo.

Ba za a ce tsarin ba shi da tabo ba. Duk inda aka ce sai da sa hannun ɗan siyasa, akwai tsoron a fifita ɗan wane a kan ɗan talaka, shi ya sa ƴan majalisa da yawa suke kafa kwamiti ya tantance musu. Makarantar masu tsaron gaɓar teku ta Amurka ba ta neman sa hannun kowa, haka kuma makarantar hafsoshin ruwa ta Faransa da ke kusa da Brest, wadda aka kafa a 1830, da gasar jarrabawa take ɗaukar ɗalibanta, irin wadda ma'aikatan gwamnati suka saba da ita. Sannan sai a 1949 baƙar fata na farko, Wesley Brown, ya gama Anafolis, bayan makarantar ta shekara fiye da ɗari. Kowace hanya tana da inda take yoyo.

Amma ranar gwaji ta zo a wannan shekara ta 1949. Ministan tsaro Louis Johnson ya soke ginin wani katafaren jirgin dakon jiragen sama, kwanaki kaɗan bayan an aza harsashinsa. Manyan hafsoshin ruwa suka fusata, suna ganin an yi wa rundunarsu yankan baya. Ba su fito da tankoki ba, ba su kama gidan rediyo ba. Gaban kwamitin majalisa suka je suka faɗi abin da ke ransu. Shugaba Truman ya sauke babban hafsansu, Louis Denfeld, ɗan Anafolis, shi kuwa ya ajiye kujerar ya tafi. A 1951 Truman ya sake sauke Janar MacArthur ana tsakiyar yaƙin Koriya, shi ma ya koma gida. Ana iya gardama har gobe a kan wanda ya fi gaskiya a tsakaninsu, amma babu gardama a kan wanda ke da ikon yanke magana.

Nijar ta ga sojoji sun karɓi mulki a 1974, da 1996, da 1999, da 2010, da 2023. Kowane da dalilin da ya bayar, kuma kowane ɗan ƙasa da hukuncin da ya yanke masa a zuciyarsa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne abin da ya gabaci ranar juyin mulki da shekara talatin: wa ya zaɓi yaron, daga wace jiha, da wane ma'auni, kuma me aka koya masa game da ɗan kasuwar da harajinsa ya sayi bindigar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan kasuwa da ma'aikaci, waɗanda daga aljihunsu ake ciyar da kowane ɗalibin soja, suna da haƙƙin neman a buga sharuɗɗan shiga makarantun hafsoshi a fili, a bayyana sakamakon gasa da sunaye, a buɗe ƙofa ga masu digiri na jami'a da ƙananan sojoji masu ƙwazo, a kuma sa darasin tsarin mulki kusa da darasin harbi. Uban da ɗansa ke sha'awar kaki kuma, ya zaunar da shi ya karanta masa yarjejeniyar layi bayan layi kafin a sa hannu.