Dukiyar Mamaci Da Ke Kulle Cikin Waya

A da, idan ɗan kasuwa ya rasu a Kontagora, bayan sadakar uku akan buɗe akwatinsa a gaban dattawa, a fito da littafin bashi da takardar gona, alƙali ya ba kowa hakkinsa. Yau akwatin ya koma wayar hannu. Dillalin masara yakan karɓi kuɗin mota guda ta OPay ko Moniepoint, ya ajiye lissafin masu binsa da waɗanda yake bi cikin WhatsApp, lambar sirri kuwa tana cikin kansa shi kaɗai. Ran da ta Allah ta kasance, sai a binne shi da ita.

Shari'a ta ce a biya bashi, a zartar da wasiyya, sa'an nan a raba gado. To, yaya alƙali zai raba abin da ba wanda ya san da zamansa? Ga wani haɗarin kuma: layin da ya daɗe ba a aiki da shi kamfani kan sayar wa wani, saƙon banki ya riƙa faɗawa hannun baƙo. Gaskiya ne a 2024 Babban Bankin Nijeriya ya tsara cewa ajiyar da ta shekara 10 ba a taɓa ba za a mayar da ita wani asusu na musamman, magada kuma suna da ikon nema. Amma marayan da bai san sunan bankin ba, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

Waɗansu sun ɗauka magani shi ne a faɗa wa babban ɗa lambar sirri. Wannan kuskure ne, domin kuwa hanya ce ta kwashe rabon mata da ƙanana tun kafin a share makoki. Abin da ya wajaba shi ne mutum ya rubuta sunayen bankunansa da lambobin layukansa da basussukansa, ya damƙa wa amintattu biyu, domin kotu ta san inda za ta aika takarda. Google tun 2013, Facebook tun 2015, sun ba da damar naɗa wakili bayan rai, sai dai 'yan ƙalilan ne suka sani.

Lalle ya kamata Majalisar Sarkin Sudan ta umarci hakimai da limaman Juma'a su yi wa jama'a bayani, shugabannin kasuwa kuma su tanadi takardar da kowane ɗan ƙungiya zai cika ya sabunta kowace shekara.