ZABIYA MA 'YAR MUTANE CE

Masu iya magana suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan karin magana shi ya faɗo mana a rai a wani dare da muka tarar da ɗalibai a teburin mai shayi a cikin garin Azare, sun kaure da gardama a kan wata mawaƙiya Baturiya, Amy Winehouse. Wasu na cewa a zamaninta ba a yi murya irin tata ba, wasu na cewa Adele ta fi ta, wasu kuma sun kafe a kan cewa ko ƙafar Whitney Houston ba ta kama ba. Akwai ma wanda ya rantse cewa mashayiya ba ta cancanci a ɓata yawu a kanta ba. Amma da aka zo tashi sai baki ya zo ɗaya a kan magana guda, wato Turawa ba su da imani, tunda suka zuba wa yarinya ido har ta hallaka, sannan suka dawo suna kukan munafunci. A nan ne muka ga ya wajaba mu ɗauki alƙalami, domin wanda yake da tsumma a gindi ba ya kai gudummawar gobara.

Ga wanda bai san ta ba, Amy Winehouse 'yar birnin Landan ce ta ƙasar Ingila, wadda ta farfaɗo da wani tsohon salon waƙa na baƙaƙen fatar Amurka da ya yi tashe a shekarun 1960. Faifanta mai suna Back to Black ya fito a 2006, kuma a 2008 ta kwashi kyautar Grammy har guda biyar a dare ɗaya. Amma giya da ƙwaya sun riga sun kama ta, 'yan jarida masu farautar hoto kuwa suka mayar da tangaɗinta abin kasuwa. A watan Yuni na 2011 aka tsayar da ita gaban dubban mutane a birnin Belgired alhali ko tsayuwa ba ta iya yi, jama'a suka yi mata ihu. A ranar 23 ga Yuli na wannan shekara aka tsinci gawarta a gidanta, tana da shekara 27, bincike kuma ya tabbatar da cewa giya ce ta yi ajalinta. Bayan shekara uku sai ga mutum-mutuminta an kafa a unguwar Kamdin, inda ta zauna. An ci moriyar muryarta tana raye, an yi dariyar ciwonta, aka kuma girmama ta bayan girmamawar ba ta da sauran amfani a gare ta.

To, mu da muke zargin Turawa, yaya muka yi da namu? Bari mu fara da Magajiya Ɗambatta. Duk wanda ya tashi da sauraron gidan rediyon Kano a shekarun 1970 ya san muryarta, musamman waƙar da ta yi tana jan hankalin iyaye su sa 'ya'yansu makaranta. Wannan baiwar Allah ba ta sha giya ba, ba ta yi tangaɗi a gaban kowa ba, ba ta bai wa kowa hujjar da zai fake da ita ba. Duk da haka tsufa ya cim mata, idanunta suka rufe, ta koma bara ana yi mata jagora. Sai a 2019, da ɗan jarida Jaafar Jaafar ya bi sawunta ya bayyana wa duniya halin da take ciki, aka yi karo-karo aka share mata hawaye. Ta rasu a watan Oktoba na 2021. Allah Ya saka wa waɗanda suka taimaka da alheri, amma tambayar tana nan daram: a tsawon shekarun da ta yi tana miƙa hannu, ina manyan ma'aikatan da waƙarta ta raka zuwa aji? Turawa suna iya cewa Amy ita ta jawo wa kanta. Mu ba mu da ko wannan uzuri.

Haka kuma Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a watan Maris na 2013. Da ƙwarya da 'yan amshi kawai ta cika ƙasar Hausa, daga ɗakunan amare har zuwa kaset ɗin direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Azare da Kano. Ta yi waƙar A Kama Sana'a Mata tun kafin ƙungiyoyi su fara yawo da takardu suna wa'azin dogaro da kai, ta yi waƙa a kan kishi da haihuwa da zaman gidan miji, ta faɗi abin da mata ke faɗi in sun rufe ƙofa. Amma in an ambaci sunanta a majalisar maza, sai ka ga ana murmushin gefen baki, ana tuna waƙoƙinta biyu ko uku masu yaji, ana mantawa da sauran. Kafin ita an yi Uwaliya Mai Amada a Kano, wadda da yawa daga cikin ɗalibanmu na Hausa ba za su iya kawo sunan waƙarta ko ɗaya ba.

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Za a ce al'adarmu ta ginu a kan kunya, addininmu ya umarci mace da kamun kai, kuma waƙa a bainar jama'a hanya ce da ke kai mutum ga lalacewa, ga shi ma ƙarshen Baturiyar ya isa ishara. Wannan magana tana da nauyi, kuma hukuncin kiɗa da muryar mace fage ne na malamai, wanda suka daɗe suna tattaunawa a kai, ba namu ba. Ba mu zo kare shaye-shaye ba, ba mu zo wanke batsa ba. Abin da muke ƙalubalanta shi ne mudu biyu da ake awo da su. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana da shahararriyar waƙa ta mashaya da kowa ya sani, amma wannan bai hana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba shi digirin girmamawa a 1988 ba. Kuma ta yi daidai, domin ta auna shi da fasaharsa baki ɗaya. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ma ya sami irin wannan karramawa. Me ya sa idan namiji ya yi waƙa ake nazarin salonsa da azancinsa, idan mace ta yi kuma sai a koma binciken aurenta nawa da inda take kwana? In kiɗa laifi ne, laifi ne ga kowa. In kuwa fasaha ce da ta cancanci nazari da girmamawa, to, ba ta da gemu.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, masu wannan ƙyama ba su daina sauraro ba. Wanda zai ce Allah Ya kiyaye 'yarsa ta zama zabiya, shi ne zai aika a nemo zabiya ranar da zai aurar da ita, in ba ta zo ba ma ya ce an raina masa biki. Ranar suna ana bukatar mai guɗa, ranar kamu ana bukatar masu kiɗan ƙwarya, ranar da ɗan siyasa zai tara mata ana bukatar wadda za ta ɗaga murya. Da an watse kuwa, sai ta koma maroƙiya, wadda ba a son haɗa zuri'a da ita. Masana'antar fina-finan Hausa ma ta gaji wannan hali. Muryoyin Fati Nijar da Maryam A. Baba da Maryam Fantimoti sun ɗauki fina-finai masu yawa a ka, amma fuskar wata ake gani tana motsa baki, kuma sau tari mai kallo ya fi sanin jarumar fiye da mai waƙar. Wannan shi ne ainihin cin moriyar ganga a ya da kwaurenta.

Bari mu dawo gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan ƙasar Katagum, daga Azare zuwa Chinade da Madara, daga Shira da Giyaɗe zuwa Gamawa da Zaki, babu garin da ba a taɓa yin macen da in ta buɗe baki a gidan biki sai tsofaffi su yi hawaye ba. Akwai waƙoƙin niƙa da na daka, da na raino, da na gaɗa a dandali, da na rakiyar amarya, da kiɗan shantu a tsakar gida. A cikinsu ne matan wannan ƙasa suka ajiye tarihin fari da yunwa, da zafin kishiya, da kewar ɗan da ya tafi cirani, da habaicin da ba a iya yi wa miji ko suruka gaba da gaba. Injin niƙa ya kashe waƙar dutse, na'urar sauti ta kori ƙwarya daga gidajen biki da yawa, dandali kuma ya zama kufai tun da waya ta shiga hannun yara. Masu waƙoƙin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mu da muke iya jera sunayen mawaƙan Landan da shekarun da faya-fayansu suka fito, nawa ne daga cikinmu za su iya faɗin sunan zabiyar da ta yi guɗa ranar da aka ɗaura auren iyayensu?

Kada kuma wani ya ruɗe mu da cewa muryar mace baƙuwa ce a tarihinmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya bai wa Malam Zaki tutar da aka kafa Katagum da ita, shi ne mahaifin Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kuma tura jajinta ƙauye-ƙauye suna rera su domin karantar da 'Yan Taru. Mun sani sarai cewa waƙar wa'azi daban take da amada, kuma ba mu haɗa matsayin Nana da na kowa ba. Abin lura kawai shi ne, magabatanmu sun fahimci cewa akwai saƙon da ba ya isa cikin gida sai ta bakin mace. Sun ɗauki wannan murya da daraja, suka yi aiki da ita. Mu ne muka zo daga baya muka ga dama mu ji daɗinta mu kuma wulaƙanta mai ita.

A nan dole mu ɗora wa kanmu kaso mafi tsoka na laifin, mu malamai da ɗaliban Hausa. An yi ƙoƙari, ba mu musa ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa mana hanyar nazarin waƙar baka, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu a kan Barmani, har wata Ba'amurkiya, Beverly Mack, ta fitar da littafi sukutum a 2004 a kan waƙoƙin matan Hausa. Amma duk wanda ya taɓa duba jerin kundayen digiri ya san yadda ɗalibai ke tururuwa a kan Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ana maimaita abu guda shekara da shekaru, alhali tsohuwar da ke bayan katangar makaranta tana riƙe da taskar da ba wanda ya taɓa buɗewa. Muna da jami'a a Gaɗau, wadda yanzu take ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, mawaƙi ɗan wannan jiha, muna kuma da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a cikin Azare. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta fi rikodar da manazartan farko suka yi yawo da ita ƙarfi da sauƙin ɗauka. Ba mu da hujjar da za mu kare kanmu da ita.

Saboda haka muna kira da abubuwa uku. Na farko, kowane ɗalibin Hausa da zai tafi hutu ya nemi mace ɗaya mai waƙa a garinsu, ya nemi izininta da na iyalinta, ya ɗauki muryarta, ya rubuta sunanta da na wadda ta koya mata, domin kada gobe a ce "waƙar gargajiya" kamar daga sama ta faɗo. 'Yan'uwanmu mata su ne suka fi dacewa da wannan aiki, tunda su ke shiga inda maza ba sa shiga. Na biyu, malamai su buɗe wa irin wannan bincike ƙofa, su daina ɗaukarsa ƙaramin aiki. Na uku, wanda ya je ɗaukar waƙa ya dubi halin da mai waƙar take ciki. In ba ta da lafiya ko ba ta da abin sawa a baka, ya kai maganar inda za a ji, tun kafin abin ya zama ihu bayan hari.

Amy Winehouse ta tafi, kuma hisabinta ba a hannunmu yake ba. Gardamar ko ta fi Adele ba za ta ƙara mana komai ba. Amma a wani lungu na Azare ko Katagum, a daren nan da muke rubutu, akwai tsohuwar da ta raka ɗaruruwan amare ɗakin miji da muryarta, tana kwance ba wanda ya leƙa ta. Tana da suna, tana da iyaye da suka haife ta, tana da haƙƙi a kanmu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin iyayenmu mata, Ya ba mu ikon sauke nauyin waɗanda suka rage, amin.