Sa'ad da Layi Ya Yanke a Tsakiyar Wasa: A Auna Kafin a Yi Zargi

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da samari suke wasan ƙwallon ƙafa na na'urar PlayStation, ko a Anka ne, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya san irin shirun da kan sauka sa'ad da hoto ya daskare. Yaro yana gaba da ci ɗaya, saura minti goma a tashi, abokin karawarsa kuwa yana can Kano ko Alƙahira, sai 'yan wasa su tsaya cak a allon talabijin, sa'an nan sanarwa ta fito cewa layi ya yanke. A wasanni da yawa wanda layinsa ya yanke shi ake rubuta wa faɗuwa. A ƙauyuka irin su Sunke, inda wayar hannu ta fi na'urar wasa yawa nesa ba kusa ba, labarin bai sake ba. Ko'ina kuwa hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: "Sabis ne."

Wannan kalma ta zama bargon da ake lulluɓe cututtuka iri-iri da shi, alhali kowace da maganinta. Saboda rashin rarrabewa, sai a ga yaro ya ƙarar da kuɗin da ya tara wajen sayen data mai yawa, ko sabon layi, ko sabuwar na'urar rarraba intanet, watau rauta, amma gobe wasa ya sake yankewa a daidai lokacin da ya yanke jiya. Abin da ya kamata ɗalibi ya fara yi shi ne awo, kuma malaman Fiziks da Lissafi na makarantun sakandare su ne suka fi cancanta su koya masa yadda ake yin sa.

Da farko dai, akwai kuskuren da ya kamata a kawar. Mutane da yawa suna zaton wasa ta intanet yana bukatar layi mai faɗi ƙwarai. Ba haka ba ne. Sauko da wasan kansa shi ne mai cin data, amma sa'ad da ake bugawa, abin da na'ura take aikawa 'yan ƙananan ƙullin saƙo ne, sau da dama a kowace daƙiƙa: wane ya juya hagu, wane ya buga ƙwallo. Galibi duka-duka ba su kai megabit ɗaya a daƙiƙa ba, watau ƙasa da abin da kallon bidiyo yake ci. Abin da wasa ba ya jurewa shi ne jinkiri da ɓacewar saƙo. Mai kallon bidiyo yana da rumbu, domin wayarsa takan tara hoton daƙiƙoƙi masu zuwa ta ajiye, ko da layi ya yi tuntuɓe ba zai ji ba. Mai wasa ba shi da rumbu, don ba a iya tara abin da bai faru ba tukuna. Saƙon da ya makara ya zama tuwon jiya, kuma idan saƙonni suka ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi, babbar kwamfutar da take karɓar baƙuncin wasan sai ta ɗauka yaron ya fita. Shi ya sa layin da yake nuna fim lafiya lau yake iya kasa riƙe wasa.

Lokacin da saƙo yake ɗauka ya je ya dawo ana auna shi da milisakan, watau kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma wasanni da yawa suna nuna lambar a gefen allo. Ga lissafin da malami zai iya bai wa 'yan aji huɗu. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin zaren gilashin da ake shimfiɗa wa intanet. Igiyar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, ta ratsa ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal, tsawonta kimanin kilomita 7,000. Zuwa da dawowa kilomita 14,000 ke nan, watau milisakan 70. A ƙara tazarar Anka zuwa Legas, wadda ta haura kilomita 600 ko da a miƙe aka bi, sai lambar ta doshi 80 tun ba a lissafa tsaye-tsayen hanya ba. Wasan da yake sauya hoto sau 60 a daƙiƙa ya riga ya wuce hoto huɗu ko biyar kafin amsa ta iso. Idan masaukin wasan yana Turai, babu rautar da za ta rage wannan, komai tsadarta, domin dokar halitta ce. Ɗalibin da ya yi wannan lissafi da hannunsa ba zai ƙara yarda da mai talla da ya ce na'urarsa tana kawar da jinkiri gaba ɗaya ba.

Amma jinkiri mai tsayawa wuri ɗaya ba shi ne yake yanke wasa ba. Hannu yakan saba da shi. Abin da yake yankewa shi ne lambar da take tsalle, yanzu 90, an jima 600, sa'an nan shiru. A nan ne ya kamata a raba hanyar gida uku: daga na'urar wasa zuwa rauta, daga rauta zuwa turken sabis, daga turke zuwa sauran duniya.

Zangon farko yana cikin ɗaki, kuma shi ne ya fi sauƙin gyara, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Wi-Fi rediyo ne, kuma igiyar rediyo tana raunana idan ta ratsa katangar ƙasa mai kauri, ƙofar ƙarfe da kwanon rufi kuwa mayar da ita suke yi. Zangon gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango, amma cike yake da cunkoso, domin wayoyin maƙwabta da na'urorin Bluetooth duk a nan suke magana. Zangon gigahaz 5 ya fi sarari, sai dai ba ya nisa. Maganin da ya fi duka arha shi ne igiya: a sayi kebul na kwamfuta mita biyu ko uku, a haɗa na'urar wasa da rauta kai tsaye. Idan yankewa ta daina, an kama ɓarawo. Idan ba ta daina ba, an wanke zangon farko, an kuma koyi babbar ƙa'idar gwajin kimiyya, watau a sauya abu ɗaya tak a bar sauran yadda suke.

Har ila yau a cikin gida akwai cunkoson layi. A ɗauki misalin injin niƙa: yarinya ta zo da ɗan kwanon gero, ta tarar da mai buhu biyu a gabanta. Niƙanta na minti ɗaya ne, amma tilas ta jira. Haka saƙon wasa yake tsayawa a bayan bidiyon biki da wani yake turawa ta WhatsApp, ko sabunta manhaja da wata waya ta fara ba tare da sanin mai ita ba. Wasu rautoci suna da wurin da ake ba na'ura ɗaya fifiko. Inda babu, sai a duba jerin wayoyin da suke kan layin, a sauya kalmar sirri, domin ba mamaki rabin unguwa ne suke sha daga rijiyar.

Sai zafi da wuta. Yawancin rautocin gida an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 na ma'aunin Salshiyas ba. A bazarar Zamfara, tsakanin Maris da Mayu, iskar waje kanta takan haura haka, balle ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka, balle kuma rautar da aka ɗora a kan talabijin aka rufe da ƙyalle don tsoron ƙura. Na'urar da ta yi zafi takan rage aiki ko ta sake kunna kanta. Haka kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareto, ko ƙarfin wutar ya faɗi, rauta takan mutu ta farfaɗo, ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta sake kama sabis, wasa kuwa ya riga ya tafi. Da yake da yawansu bolt 12 suke sha, ƙaramin batir mai caji da aka yi don wannan aiki, ko batirin sola, yana isa ya riƙe su. Dole ne a karanta abin da aka rubuta a jikin cajar kafin a haɗa, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Zango na biyu shi ne daga rauta zuwa turke. A wannan yanki rautar gida kusan kullum mai cin layin waya ce, watau ita ma wayar salula ce da ba a magana da ita. Inda aka ajiye ta yana da muhimmanci ƙwarai: a sama, kusa da tagar da take fuskantar turke, ba a ƙarƙashin gado ba. Idan sabis yana da rauni, na'urar takan riƙa tsalle tsakanin 4G da 3G, kowane tsalle kuwa yana iya katse wasa; a yawancin rautoci ana iya umartar ta ta tsaya kan 4G kaɗai. Ga wanda yake nesa da gari, eriyar waje a kan dogon ƙarfe takan yi abin da sabuwar rauta ba za ta yi ba. Amma idan alamar sabis a cike take, kuma wasa ba ya yankewa da asuba sai bayan sallar isha'i, to turken ne ya cika da jama'a, laifin ba na ɗaki ba ne.

Akwai kuma wata matsala da take rikita samari, wadda na'urar wasa take nunawa da haruffan NAT. Tsohon tsarin adireshin intanet yana da adireshi kimanin biliyan 4.3 ne kacal, sun kuwa kasa wa duniya. Saboda haka kamfanonin waya sukan haɗa masu layi da yawa a ƙarƙashin adireshi ɗaya, kamar babban gida mai zaure ɗaya: na ciki yana iya fita aike, amma baƙo ba ya iya sallama da wani ɗaki kai tsaye. Wasannin da suke haɗa na'ura da na'ura ba tare da matsakanci ba sukan wahala a nan, PlayStation kuma sai ta nuna nau'i na 3. Kunna UPnP a rauta yana buɗe ƙofar ɗaki, amma zauren yana hannun kamfani. Wanda ya san haka ba zai kwana yana taɓe-taɓen saituna a banza ba.

Zango na uku ya fi ƙarfin kowane yaro, kuma mutanen Zamfara sun san shi fiye da kowa. A farkon Satumba 2021, bisa roƙon gwamnatin jihar ta lokacin Gwamna Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su rufe sabis a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. An maido wa Gusau a farkon Oktoba, sauran yankuna kuwa suka ci gaba da jira, har mutane suna tafiya jihohi maƙwabta don kiran waya ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta raunana a ƙasashe da dama, bankuna suka shiga wahala. A Oktoban wannan shekara kuma lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki. Turken sabis kansa da dizal da batir yake rayuwa, kuma inda hanya ba ta da tsaro, kai masa mai da gyara aiki ne mai haɗari. Tauraron ɗan'adam ya kawo wata ƙofa: na Starlink, da ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, yana shawagi ne a kimanin kilomita 550, ba kamar tsofaffin taurari da suke kilomita 35,786 ba, waɗanda zuwa da dawowa ta cikinsu yake cin kusan rabin daƙiƙa. Sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun yawancin gidaje.

Wani uba ko malami zai ce, duk wannan wahala a kan wasa? Yana da hujja, domin wasa yana cinye lokacin karatu da kuɗin da ba a samu da sauƙi ba, kuma babu mai musun cewa yaron da ya kwana a gaban allo zai yi gyangyaɗi a aji. Amma layin da yake yanke wasa shi ne dai layin da mai POS yake jira a kasuwar Gummi, shi ne wanda ake duba sakamakon WAEC da NECO da shi, shi ne kuma wanda rajistar JAMB take dogara da shi, jarrabawar da ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Bambancin kawai shi ne wasa ya fi su saurin jin ciwo, saboda haka ya fi su nuna inda cutar take. Hana yaro taɓa rauta ba zai sa ya daina wasa ba. Koya masa karanta ta kuwa zai ba unguwa mutum ɗaya da ya san abin da zai yi ranar da na'urar cibiyar rajista ta ƙi aiki.

Aikin ba ya bukatar ɗakin gwaji. Littafin rubutu ɗaya ya isa, a tsaga shi gida-gida: rana, lokaci, lambar jinkiri, ƙarfin sabis, yawan wayoyin da suke kan layi, wutar gari ce ko janareto, da igiya ko babu. Ɗalibai goma daga unguwanni dabam-dabam su cika nasu na mako biyu, sa'an nan a zana jadawali a allo. Idan yankewa ta bi gida ɗaya, gyaran yana ɗakin. Idan ta bi sa'a ɗaya a dukan gidaje, turke ne. A wannan hali sai a kai ƙara wurin kamfanin layin, a karɓi lambar ƙorafi, in ba a ga gyara ba a kira 622, layin kyauta na masu ƙorafi na hukumar NCC, a karanta musu ranaku da sa'o'i da lambobi daga littafin.