Messi Nawa Ne Ke Cikin Fili Guda?

Idan babban hutu ya zo aka buɗe gasar ƙwallon unguwanni, wadda muke kira TGV, je ka tsaya bakin fili a Madawa, ko Buza, ko Keita, ka kasa kunne ga sunayen da ƴan kallo ke kira. Ekip ɗin gabas tana da Messi, ta yamma ma tana da nata. Ga Ronaldo a nan, ga CR7 a can, kuma ba mutum guda ba ne. Wani ya ɗaga murya ya ce "Mbappé, ba ni nan!" sai kai uku su waiwayo. Ka duba salular kowane ɗan fada, za ka tarar da Neymar, da Neymar 2, da Neymar mai kabu-kabu. Mutane na dariya. Ni kam takaici abin yake ba ni, don muna da harshen da ya gwanance wajen raɗa wa mutum laƙabi, ga shi mun aje shi gefe muna rabon sunaye na fotokwafi. Na san littafin nan da ke hannunku shi ma fotokwafi ne, amma aƙalla abin da ke ciki mu muka rubuta.

Tun farko in raba kaina da wasu. Akwai dattawan da ke cewa matsalar ita ce sunayen na Turawa ne, a koma ga sunan yanka kawai. Ba na tare da su. Bahaushe bai taɓa zama da sunan yanka shi kaɗai ba, kuma bai taɓa jin tsoron aro ba. Sunayen yankan namu ma ai yawancinsu daga Larabci suka zo. Abin lura shi ne yadda kakanninmu suka yi da su: ba su haɗiye su ɗanye ba, sai da suka tauna. Abubakar ya zama Habu, ya zama Garba. Ibrahim ya zama Iro, ya zama Ibro. Usman ya zama Mani, Umar ya zama Sanda, Musa ya zama Kalla. A'isha ta zama Shatu, ta zama Indo. Hadiza ta zama Dije. Je ka Makka ka kira Garba, ba Balaraben da zai waiwayo, don sunan ya riga ya zama namu. To, ina taunar da muka yi wa Messi? Yadda ya fito daga akwatin talabijin haka muka manna shi a bayan rigar yaro.

Laƙabi a wurinmu labari ne da aka dunƙule cikin kalma guda. In aka ce maka wane Tanko ne, ka san mata ya bi a ɗakin uwarsa. Kande ta bi maza. Gambo ya bi tagwaye. Audi ya zo duniya bayan mahaifinsa ya rasu. Nomau lokacin noma aka haife shi, Anaruwa ana ruwa, Azumi cikin azumi, Ɗanladi ranar Lahadi, Ɗan'asabe ranar Asabar. Cindo yana da yatsa na shida. Matar da ƴaƴanta ke mutuwa tun suna jarirai, in ta sake samu sai a kira shi Bawa ko Ajuji, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Dubi irin zafin da ke cikin wannan suna, da irin fatan da ke ƙarƙashinsa. Sannan ga kunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, mace ba ta faɗin sunan surukinta, don haka yaron da ya ci sunan kakansa sai ya tashi ana kiransa Baba ko Maigida, har ya yi furfura. Mutum guda, kalma guda, amma ka san gidansu, ka san wa ya riga shi, ka san abin da uwarsa ta gani.

Sai ka tambayi Ronaldon unguwarku: mi ya sa aka ce maka Ronaldo? Amsa guda ce daga Bangi har Tamaske: "Shi nike so." Shi ke nan. Ba labari, ba tarihi, ba abin da ya bambanta shi da sauran dubban da su ma shi suke so.

Nan ne gizo ke saƙar. Laƙabi ba a ɗaukarsa, bayarwa ake yi. Kaka ce ke raɗa shi, ko taubashi, ko abokan kiwo, ko ƴan aji. Kowa ya san ƙa'idar: in aka laƙa maka ka yi fushi, ya zauna ke nan har kabari. Kafin mutane su ba ka suna sai sun dube ka, sun ga tafiyarka, sun ji maganarka, sun shaida wata rana da ka yi abin kirki ko abin kunya. Wato laƙabi shaida ce cewa akwai jama'ar da ta san ka. Sunan da mutum ya zaɓa wa kansa daga talabijin kuwa ba ya nuna ko wane ne shi, yana nuna wanda yake kallo ne kawai. Ɗan kallo ne ya sa rigar ɗan wasa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne su waɗanda muke kwaikwayon ba haka suka samo nasu ba. Pelé sunansa na yanka Edson. Yana yaro ya kasa faɗin sunan wani mai tsaron gida da ake kira Bilé, abokai suka riƙa tsokanarsa da "Pelé", ya ƙi jinin sunan, sunan kuwa ya bi shi har ƙarshen ransa. Ashe ƙa'idar kakanninmu tana aiki har Barazil. Garrincha sunan wani ɗan ƙaramin tsuntsu ne, yayarsa ta laƙa masa. Kaká, wanda mu nan muke jin sunansa kamar na tsohuwar gidanmu, ƙanensa ne ya kasa faɗin Ricardo. Chicharito na Meziko ma'anar sunansa ɗan ƙaramin wake, domin mahaifinsa ana kiransa da sunan wannan waken saboda launin idonsa. Shi kansa Messi mutanensa Ƙuma suke ce masa da harshensu, don ƙanƙantar jikinsa. Ronaldon Fotugal kuwa sunan shugaban Amurka Ronald Reagan ya ci. Ke nan Ronaldon Karofane aron aro ne yake yawo da shi. Su can suna yin abin da Hausawa ke yi tun fil azal, mu nan mun bar namu muna tsintar ɓawon nasu.

Za a ce mini: Abedi Pele fa? Gaskiya ne, Abedi Ayew na Gana sunan aro ya ɗauka, kuma ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka sau uku a jere, 1991, 1992 da 1993. Amma mutane ne suka ga wasansa suka ba shi, kuma sunansa Abedi yana nan a gaba, bai ɓace ba. Ban ƙi ba in duk Buza aka samu yaro guda da ƙafarsa ta hagu ta sa jama'a suka ce wannan sai dai Messi. Wannan yabo ne. In kowa Messi ne, yabon ya mutu.

Ba ma sai mun je Barazil ba. Mu dubi filin kokowa, wasan da ya fi kowane tara mutanen ƙasar nan. A nan Tawa aka yi gasar ƙasa ta farko a 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Tun daga lokacin, ji sunayen da fagen ya fitar: Salma Ɗan Rani, Kadade, Langa-langa, Bindigau, har zuwa Issaka Issaka, wanda sunansa na takarda Kadri Abdu ne amma ba mai kiransa da shi. Ba ɗaya a cikinsu da ya je ya ari sunan ɗan kokowar wata ƙasa. Ku tsaya kan Bindigau kaɗai. An ɗauki bindiga, aka liƙa mata ɗafin nan na -au, wanda ke cikin Nomau, da Sallau, da Jatau, da Shekarau, sai ga mutum ya fito. Wannan ɗafin yana raye, ba wanda ya kulle shi cikin ƙamus. Haka Ɗan- da Ƴar-, haka Mai-, haka Na- da Ta-, haka maimaita kalma irin ta Langa-langa, haka haɗa aikatau da abin da ya faɗa wa, irin su Ci-gari. Kayan aiki ne cike da rumbu. A ce mai tsaron baya wanda ba a wuce shi a kira shi Hana-wuce ko Katanga, mai buga da hagu Bahago, wanda ya fasa tulun wata tsohuwa da ƙwallo ya zama Fasa-tulu har ya yi jikoki. Duk wanda ya ji zai tambaya, kuma akwai amsa.

Ƙungiyoyin ƙwallonmu ma sun fi mu kishin kai. Ta Maraɗi ta ci sunan Ɗan Kasawa, sarkin Katsinawan da suka zauna can bayan jihadi. Akwai Jangwarzo, akwai Zumunta a Yamai. Ta ƙasa kuwa sunan barewar sahara ta ɗauka, Mena. Ita ce ta doke Masar da ci ɗaya a Yamai cikin Oktoban 2010, Musa Ma'azu ya jefa ƙwallon, kuma ita ce ta kai mu gasar cin kofin Afirka karo na farko a 2012. Ma'azu nawa kuka taɓa ji a filin unguwa? In ma aron za a yi, na gida bai samu shiga ba.

Akwai hujja guda da nake girmamawa. Wasu laƙabobin namu mugunta ce tsagwaronta. An kira yara da sunan naƙasarsu, ko launin fatarsu, ko sana'ar gidansu, ko asalin da ake yi musu gori da shi, suka girma da ciwon a zuciya. Yaron da aka kira da irin wannan tun yana aji ɗaya, in ya samu salula ya rubuta wa kansa Neymar, ba zan tsaya ina yi masa lacca ba. Gudu yake yi, kuma yana da dalili. Waɗannan sunaye a bar su su mutu, ba mai kukansu. Amma laifin na masu mugun baki ne, kuma maganinsa abokai su ba shi wani sunan da ya dace da shi. Ba a rushe rumbu don an ga ɓera a ciki.

Ga kuma ƴan uwana na jami'a, masu taron kare al'ada da Faransanci. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, an yi tafi, an yi ta rubuce-rubuce a Facebook. Duba sunan mai rubutun: Prince kaza, Boss kaza, El Patron kaza. Ƴan mata su ma ba a bar su baya ba, Princesse ta fi ƙasa yawa. Harshe ba ya rayuwa don an sa shi cikin doka. Yana rayuwa ne in yana haihuwa, kuma suna na cikin ƴaƴan da yake haifa kullum ba tare da izinin kowa ba. Iyayenmu sun sha sambol a lakol don sun yi Hausa cikin aji, duk da haka suna fita tsakar gida su raɗa wa juna laƙabi, har malamin ma su raɗa masa nasa. Mu ba mai bugunmu, da hannunmu muka aje.

Wani zai ce duk wannan wasa ne, mi ya yi zafi? To, bari in kawo inda ba wasa. Mu mutanen Adar da kewaye ƴan ci-rani ne. Da an gama girbi, samari sun watse: Abijan, Legas, Libiya, Aljeriya, wuraren haƙar zinariya na Jado. A can ba takarda ke gano mutum ba, baki ne. Wani ya sauka tasha ya ce yana neman Nomau na Tabotaki, ɗan gidan maƙera, kafin la'asar an kai shi ƙofar ɗakinsa, domin sunan yana ɗauke da gari da gida. Yanzu a ce saurayi ya yi shekara biyu a can, abokan ɗakinsa ba su san shi da komai ba sai Pogba. Ranar da ya kwanta ciwo, ko aka kama shi, ko ta Allah ta kasance, wa za a kira? A ce wa mutanen gida wa? Uwarsa ba ta san wani Pogba ba, su kuma ba su san Mahamadun da take nema ba, ga Mahamadu ɗari a zangon. Ko kuɗi za a aika gida, sai an tsaya ana bincike kafin a san sunan da ke kan katinsa. Laƙabin gargajiya uwa ta san shi, abokai sun san shi, shi ne igiyar da ta haɗa gida da waje. Na talabijin abokai kaɗai suka san shi.

Ba na kiran a hana kowa kallon Barça ko Real, ni ma ina kallo, kuma ba na kiran a kafa kwamitin tace sunaye, Allah ya kiyashe mu da ƙarin kwamiti. Abin da nake nema ƙarami ne. Masu shirya TGV na bana, in kuna rubuta sunayen ƴan wasa, ku bar gurbin laƙabi, amma kada ɗan wasa ya cika nasa da kansa, abokan ekip ɗinsa su cika masa, kuma kada a karɓi suna guda sau biyu a gasa guda. Mai riƙe da lasifika ya kira su da shi. Ku kuma da za ku koma gida hutu, Garhanga ne ko Sabon Gida ko Allakaye, ku zauna da tsofaffin gidanku ku tambaye su laƙabin kowa da dalilinsa, ku rubuto mana. Ku fara da kakanninku mata, su suka raɗa yawancinsu.