Kilomita 500 Tsakanin Kano da Maiduguri

Idan aka ja miƙaƙƙen layi a taswira daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa na Maiduguri, wato abin da ma'aikatan jirage ke kira nisan sama, tsawonsa bai wuce kimanin kilomita 500 ba, kuma jirgin fasinja yakan cinye shi cikin sa'a guda ko ƙasa da haka. A ƙasa kuwa, hanyar da ta tashi daga Kano ta bi Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu ta kusa kilomita 600, amma takan ci wa matafiyi wuni sukutum, saboda mota ba tsawon hanya kaɗai take aunawa ba, har da ramuka da shingayen bincike da jiran manyan motoci.

Bambancin nisan biyu ƙarami ne, na lokaci ne babba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa ya kamata a ce jirgi na kai da komo tsakanin biranen biyu kullum. Sai dai sau da yawa Bakano mai son zuwa Borno ta sama sai ya fara gangarawa Abuja, ya sauka, ya jira, sannan ya sake hawa wani jirgin ya nufi arewa maso gabas, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 kuma take cin kuɗin tikiti biyu. Tushen wannan wahala shi ne tsarin cibiya ɗaya, wato tattara kowace tafiya a babban birni kafin a rarraba ta, wanda masu tsara zirga-zirgar jirage suka rungume kamar babu wani. Tsarin cibiya ɗaya ne ya ninka nisa, shi ne ya ninka kuɗi, kuma shi ne ya mayar da ɗan kasuwar Kantin Kwari da ɗalibin Jami'ar Maiduguri da majinyaci kan kwalta, ko suna so ko ba sa so.

Kwaltar nan kuwa ita ma tana da nata ciwon. Tun shekarar 2006 aka ba da aikin mayar da ita tagwayen hanya, aka shafe shekara da shekaru ana yinsa gutsure-gutsure, kuma yankin da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri, mai tsawon kimanin kilomita 130, ya daɗe yana sa direba kallon rana, domin wanda magariba ta riska a nan ya san abin da ke gabansa. Al'ummar Borno ba su manta da wani dare na watan Fabrairun 2020 a garin Auno da ke kan wannan hanya ba, lokacin da aka hallaka matafiyan da dare ya yi musu a bakin hanya, suna kwana cikin motocinsu.

Masu tsarin cibiya ɗaya kan kafa hujja da ƙarancin fasinja, alhali tashoshin motar Kano na cika mota bayan mota zuwa Borno tun da asuba. Wannan hanya ba babban jirgi take buƙata ba. Ƙaramin jirgi mai farfela, mai ɗaukar mutum 50 zuwa 70 kuma mai sauƙin shan mai, ya ishe ta, muddin aka tsayar masa da ranaku da lokacin tashi da jama'a za su dogara da su. Hanyar kuwa ba baƙuwar jirgi ba ce, domin jiragen farko da suka sauka Kano a 1925 daga Masar suka taso, kuma ta Maiduguri suka ratso kafin su iso.