Rai dangin goro ne: kuku ma yana son hutu



Ranar alhamis da ta shige, a kasuwar Dole, na gamu da wani abokin ƙuruciyata wanda ya shekara 12 yana aikin kuku a nan Damagaram. Da ƙyar na shaida shi, don ya murmure, idonsa ya washe. Rabona da shi shekara 2, lokacin da yake kwance a likita, bayan ya yanke jiki ya faɗi gaban murhu.

Ga yadda abin ya faru. Tun asuba yana wajen mahauta, da hantsi ya ɗora girkin rana na ma'aikata, da dare ga baƙi ga abincin biki. Ba ya isa gida Zango sai ƙarfe 1 na dare. Da fari shayi mai kauri da goro ke riƙe shi. Daga baya wani yaron aiki ya miƙa masa tramol, wai don ciwon baya. Ƙwaya ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu. Tramol kuwa maganin ciwo ne dangin ofiyom, jiki yana sabawa da shi, kuma likitoci ba su wuce miligram 400 a yini. Wanda ya zarce, yana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da ya yi mini. Ya ce: "Abokina, ƙwaya ba ita ce cutata ta fari ba, aikin ne. Ko an ba ni hutu, sai ƙafata ta kai ni madafa, don gani nake in ba ni, miya ba za ta yi daɗi ba." Mashayi kowa na ƙyamarsa, amma wanda aiki ya zame wa maye, yabonsa ake yi, ana cewa jarumi ne, har ya halaka.

Kada a ɗauka raki ne. A 2021, ƙungiyar lafiya ta duniya OMS da ta ƙwadago OIT sun bayyana cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745.000 a shekarar 2016, kuma yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100. A Faransa, inda ake girmama kuku kamar basarake, Bernard Loiseau, mai taurari 3 na kundin Michelin, ya kashe kansa a 2003. A 2017 kuwa Sébastien Bras ya roƙi a cire sunansa daga kundin, don ya yi girki cikin kwanciyar hankali.

Mu dawo gida. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ƙayyade awa 40 a mako, da hutun aƙalla awa 24 a jere. Alhaji mai gidan abinci, yaushe rabon da kukunka ya yini da iyalinsa? Malam ma'aikaci, kai da kake aiko da saƙon abincin mutum 100 ana gobe taro, ka taɓa tambayar wa zai kwana tsaye? Ɗaukar mataimaki ɗaya ya fi kuɗin likita arha, kuma hannu mai rawa kusa da wuƙa da tafasasshen mai haɗari ne ga kowa.

Abokina bai warke da dabararsa ba. Likita ne ya rage masa maganin sannu a hankali, don yankewa farat ɗaya tana da wuya ƙwarai. Ya koya wa yara biyu haɗin miyarsa, abin da a da yake ɓoyewa. Yanzu yana rufe madafa ƙarfe 10, ranar juma'a kuwa ba ya kunna wuta. Kuɗin shigarsa ya ɗan ragu, bai ɓoye mini ba. Amma ya ce ƴarsa ta daina ɓuya bayan uwarta in ya shigo, kamar ta ga baƙo.

Malamai na karantar da mu cewa jiki da iyali suna da hakki a kan mutum. Mai ciyar da mu ma yana cikin wannan hukunci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.