Kalma Guda Ta Kwashe Mana Rumbu

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. To amma ni a ganina, gurguwar fassara ta fi rashin sani illa, domin wanda bai sani ba yakan tambaya, wanda kuwa aka yi wa gurgun bayani gaba gaɗi yake aukawa rami.

A hutun da ya gabata na je Fatakwal wurin kawuna, wanda ke da shagon gyaran kwamfuta a unguwar Hausawa. Yana sa wa tsofaffin kwamfutoci Ubuntu, manhajar da aka fara fitarwa a 2004 bisa tushen Debian ta 1993. Duk manhajar da ya sauko da ita ta hanyar apt-get, kwamfutar takan ajiye kwafinta a wani rumbu. Daga nan yake kwafa ya zuba wa sauran kwamfutoci, har ya aika wa abokan sana'arsa a Anacha da Inugu, don kada su sake kashe kuɗin data.

A bangon shagon akwai takardar da wani yaronsa na dā ya rubuta da Hausa cewa umurnin clean yana share tsofaffin fayiloli. Da na ga wuri ya cika sai na buga shi. Kafin ƙiftawar ido rumbu ya zama wayam! Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, tarin wata uku ka share."

Ashe tsintsiyar iri biyu ce. Shi clean kwashe kwafin da ke rumbun yake yi gaba ɗaya, sabo da tsoho. Shi kuwa autoclean yana cire waɗanda ba a iya sauko da su daga ma'ajiyar intanet ne kawai, galibi don sabon zubi ya maye gurbinsu. Ke nan ba yawan kwanaki ne ma'aunin tsufa a nan ba. Fayil na iya shekara a rumbu a bar shi, wani ya yi mako guda a fitar da shi. Littafin jagorar apt-get ya bambance su sarai; mai fassarar ne ya haɗe su a kalma guda.

Wani zai ce ai wannan matsalar masu kimiyyar kwamfuta ce, ina ruwan ɗalibin harshe? Ina ganin ruwanmu ne tsundum. Hausa ta bambance tsoho da tsohon yayi, ta bambance shara da kwashewa da tsincewa. Wanda ya karanci ilimin ma'ana shi ya fi cancanta ya zaɓi wadda ta dace. Da an rubuta "yana kwashe komai" da "yana tsince wanda aka daina yayinsa", da kawu bai yi asara ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, idan za mu fassara bayanin na'ura, mu faɗi abu uku: me za a share, me za a bari, kuma ko yana dawowa. Mu kuma gwada umurnin da hannunmu kafin mu rubuta. Ni dai kafin na baro Fatakwal sai da na sauya takardar bangon nan. Allah ya sa mu dace, amin.